Askar Ƙanena da Kawunan Kalgo

Gidanmu a Gwandu gidan wanzamai ne. Kakanmu ya yi, babanmu ya yi, da babanmu ya rasu kuma zabirarsa ta faɗa hannun ƙanena, domin mu biyu kaɗai muka rayu a ɗakin tsohuwarmu, ni kuwa mace ce, daddawa nake sayarwa. Ba don ƙanena ne ba, amma hannunsa ya fi na baba laushi. Yakan aske mutum tas mutumin yana gyangyaɗi. Jariri kuwa, ko yana tsala ihu a hannun ungozoma, da ƙanena ya tallabo ƙeyarsa sai ya yi tsit.

Tafiya ce ta ɓata shi. Lokacin yaƙin Turawa da Jamus aka ɗebi 'yan dako a ƙasarmu, shi kuma ya rataya zabira ya bi su yana aske sojoji, har ƙasar Kamaru. Ya dawo mana da tsohuwar rigar soja mai maɓallan ƙarfe, da wata ƙishirwa wadda duk rijiyoyin Gwandu suka kasa kashewa.

A Gwandu ba a samun giya ko ta magani, garin malamai ne. Sai ƙanena ya ƙirƙiro hidima. Wai masuntan Kalgo jini ya yi musu yawa, kullum suna bukatar ƙaho, kuma duk faɗin ƙasar Kabi babu wanda ya iya ƙahon masunta sai shi. Kalgo kuwa tafiyar yini ce cur a kan jaki. Yakan kama jakinsa kafin ranar kasuwarsu ya tafi, sai bayan kwanaki ya dawo, idanu jajur, wando a yayyage kamar wanda ya yi dambe da ƙaya, ni ce mai ɗinki. Ga wani wari da yake tashi daga jikinsa. Ni mai daddawa ce, in na ce abu yana wari, to a yarda da ni.

Daga nan hannu ya fara rawa. Mutane suka riƙa janye jiki a hankali, wannan ya ce kansa na ciwo, wancan ya ce ya yi niyyar tara gashi. Wanda bai janye da wuri ba shi ne limamin unguwarmu, wanda ɗansa ke auren 'yata. Wata safiyar Juma'a ya zauna gyaran gemu. Aska ta yi tsalle ta kwashe gefen dama. Ƙanena ya ce bari ya rage hagu su daidaita, hagu ta fi dama tafiya. Ya koma dama. Kafin liman ya ankara, gemun da ya shekara da shekaru yana tattali ya koma kamar na bunsuru ɗan bana. Duk bazarar nan, da zafinta da komai, liman da amawali har hanci yake jan salla, masu bin sa a sahun baya ba sa jin ko Fatiha.

Ba a jima ba 'yata ta samu cikin fari. Liman ya aiko ƙanwarsa ta gaya mini, cikin ladabi amma babu kwana-kwana, cewa in Allah ya sauke ta lafiya askar gidanmu ba za ta taɓa kan jikansa ba, daga garin Dalijan za a kira wanzami. Tun zamanin kakanmu duk ɗan da aka haifa a gidan liman askarmu ce ke sauke masa gashin ciki ranar suna. In gari ya ga baƙo ya aske jaririn da kakansa wanzami ne, yana zaune yana kallo, to shi ke nan, ba mai sake miƙa masa kai, zabirar baba sai rataya a bango. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na yi kuka, sannan na yi masifa, domin ita na fi iyawa.

Babu abin da ban gwada ba. Na karɓo laya, ya rataya ta ya tafi Kalgo da ita. Na karɓo saiwoyi na jiƙa, na karɓo rubutu ƙoƙo-ƙoƙo. Duk ya shanye bai ko yamutsa fuska ba. Ƙanena dama bai taɓa ƙin abin sha ba.

Wata mai busasshen kifi daga Kalgo, wadda muke musayar kaya da ita, ita ta fara tsegunta mini. Ta ce ƙanen mijinta masunci ne, da can a kafaɗa ake kawo shi gida ranar kasuwa, yanzu da ƙafarsa yake dawowa, har da cefane. Wai akwai wasu maza da suka bar shan, suna taruwa duk ranar kasuwa suna riƙe juna. Na ce a ina? Ta ce, "Wallahi ban sani ba, maza ba su hwaɗi. Ni dai na ga shina dawowa da igiya sabuwa."

Ban tsaya bin ta kan igiya ba. Ranar da zan tafi na hau jakin ƙanena, shi na sa shi a gaba da ƙafa, muka kwana gidan mai kifi, da hantsi muka shiga kasuwar Kalgo. Na ajiye shi a inuwa yana riƙe da jaki, na shiga tambaya.

Na fara da wani mai goro, dattijo mai fara'a. Bayan gaisuwa na ce, "Malam, don Allah ina mutanen da sunka bar shan giya ka taruwa?"

Fara'ar ta ɗauke. Ya ce, "Baiwar Allah, duk kasuwag ga ni kinka ga na yi kama da mashayi?"

Na ba shi haƙuri na matsa gaba. Mahauci kuwa gatari ya ɗaga ya sare ƙashi yana kallona. Wani mai carbi ya yi a'uziyya ya tofar da yawu kusa da ƙafata. Wata mai fura ta ce ita mijinta ko kunun tsamiya in ya kwana ba ya sha. Kafin rana ta take na zagaye kasuwar nan kaf, ban samu mutum guda da ya taɓa ko jin sunan giya ba, a garin da ƙanena ke zuwa ya sha har ya manta hanyar gida. Sai daga baya na gane wautar tambayar. Duk wanda ya nuna mini wurin, ai ya faɗi da bakinsa cewa ya san shi.

Na dawo raina a ɓace, na haye jaki ban ko riƙe igiya ba. Jaki ya ɗaga kai, ya juya, ya bi bayan rumfunan kasuwa, ya kama wata siririyar hanya ta cikin gonakin dawa wadda ta gangara fadama. Ƙanena, wanda ke ce mini Adda, wato yaya, ya biyo mu da sassarfa yana cewa, "Adda, ba nan ta hanya ba. Adda, jakin ga ba shi da hankali." Na dubi zufar da ke karyo masa, na gane inda hanyar ta nufa. Can ƙarshenta akwai wata tunga inda wata mata ke dafa burkutu ranar kasuwa. Na ce a raina tunda na rasa masu bari, bari in samu mai dafawa, yau sai na farfasa tukwanenta.

Ba mu kai tungar ba. Akwai inda hanyar ta tsuke, tsamiya a dama, kwazazzabo cike da ƙaya a hagu. A nan wasu maza suka shimfiɗa tabarmi a kan hanyar kanta, sun miƙe ƙafafu, kowa da rama a cinya yana tufka igiya. Jaki ya nufi gindin tsamiya ya tsaya cak, ya sa baki cikin wani kasko na ruwa kamar gidan ubansa.

Babbansu wani dogon tsoho ne mai tabon harsashi a damtse, tsohon soja, kowa Saje yake ce masa. Bai gaishe ni ba, bai gaida ƙanena ba. Jaki ya fara yi wa sannu da zuwa. Sannan ya dube ni ya ce, "Jakin ga namu na. Duk cikinmu babu wanda ya kai shi zuwa. Mai shi dai na ba mu taɓa gani ba sai ƙeya."

Ashe ƙanena ya san su sarai. In ya zo sai ya saki jaki daga nesa, shi kuma ya tattare riga ya gangara kwazazzabo, ya kewaye su ta cikin ƙaya ya ɓulla tunga. Wandunan da na yi ta ɗinkewa ke nan. Na juya na dube shi. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da ya shige har da zabira.

Na buɗe baki zan fara, Saje ya ɗaga hannu. Ya ce, "Baiwar Allah, aje hwaɗan. Kowanenmu an yi mai irinai a gida, bai hana komi ba. Mu ba malamai ba na. Duk wanda kika gani nan ya san ɗanɗanonta, wasu ma mun hi ƙanenki sani."

Na ce to me ya zaunar da su a bakin ramin da suka fito? Ya ce sun gwada taruwa a ƙofar masallaci, ba wanda ya zo, domin ranar kasuwa ƙafar mashayi hanya guda ta sani. Shi ya sa suka dawo suka zauna a kan hanyar. Ba sa hana kowa wucewa. Sai dai kafin mutum ya wuce su roƙe shi ya zauna ya taya su tufka igiya guda. In yana da abin da ke cin sa ya faɗi, in ba ya so ya saurari na wasu. Matar can kuwa tukunyarta ba ta wuce la'asar, kuma ba ta sake dafawa sai wata kasuwar. "Ba mu iya bari har abada ba," in ji shi, "amma mun iya kaiwa la'asar."

Aka matsa wa ƙanena, aka miƙa masa rama. Ya ɗora a cinya ya murza, hannu na kaɗawa, abin da ya fito ko kaza ba za a ɗaure da shi ba. Ya sake, ta warware. Na ga idonsa ya fara leƙen kwazazzabo. Saje ma ya gani. Sai ya cire hularsa ya ajiye, ya jawo kaskon jaki ya jiƙa kansa, ya juya wa ƙanena baya ya zauna.

"Kai wanzami na. Yi abin da ka iya."

Na ce, "Malam, tsaya in ba ka labarin gemun limaminmu."

Ya ce, "Ni ba ni da gemu. Kuma Jamus sun nemi kan ga da bindiga ba su samu ba."

Askin nan ban taɓa ganin mai tsawonsa ba. Ƙanena ya ja aska kaɗan, ya tsaya ya riƙe wuyan hannunsa, ya sake ja. Ya yanke shi, ya danna garin gawayi, ya sake yankan sa. Saje ko gezau, yana ta ba da labarin yadda ya taɓa sayar da ƙofar ɗakinsa ya sha, ya kwana yana mamakin sanyi. Masuncin nan, ƙanen mijin mai kifi, ya ce shi cikin kwalekwalensa ya yi barci ya farka a garin da ba ya jin yarensu. Ana dariya, ni ma na tsinci kaina ina yi. Ana cikin haka muka ji muryoyi daga wajen tunga, masu sha suna dawowa suna mitar cewa ta ƙare. Ƙanena ya ɗaga kai ya dubi rana. Rabin kan Saje ne kawai ya asku, amma la'asar ta yi.

Na bar shi a Kalgo a gidan masuncin, na koma Gwandu ni kaɗai. Bayan 'yan kasuwanni nakan ɗauki daddawa in je in gani da idona. Duk mazan gindin tsamiya sun sa kansu a layi, kowace kasuwa akwai mai ba da kai. Mutanen gari suna ta mamakin abin da ya sa wasu magidanta ke danna hula har kunne ko a gona. Da masuncin ya cire tasa ya nuna mini, kan nan kamar inda kaji suka yi tono. Amma duk zuwan da na yi sai in tarar gawayin ya ragu.

Da kaka, bayan an yanke dawa, labari ya iske ni cewa ƙanena ya wuce zuwa tunga. Ya zo, ya zauna, ya tashi tsaye ya ce a ba shi hanya, suka naɗe tabarma suka ba shi, domin haka dokarsu take. Kasuwa ta gaba da muciyata na tafi. Na same shi a gindin tsamiya ya sunkuyar da kai, hannu na rawa fiye da ranar farko, ya kasa ko buɗe zabira. A gabansa kuwa ga Saje zaune, ya riga ya jiƙa kai.

Na ce wa Saje, "Yau kam kashe ka za shi yi."

Ya ce, "Adda," don lokacin duk haka suke kirana, "in munka hana mai kai yau, kasuwa mai zuwa ta kwazazzabo za shi bi."

Ranar aska ta zame a bayan kunnensa ta yi masa tsaga mai tsawon yatsa, jini har kafaɗa. Bai motsa ba. Cewa ya yi kawai, "Ƙarasa, saura gaba." Ƙanena yana aski hawaye na ɗiga a kan tsohon. Na ɓoye muciyata cikin zane. Kunya ta kama ni, da tausayi, da wata irin godiya da ban san yadda ake faɗin ta ga namijin da ba danginka ba.

Sanyi na ƙarewa 'yata ta haifi namiji. Liman bai canza magana ba, aka aika Dalijan. Ranar suna da safe, an yi addu'a an yanka rago, na fito da jariri a hannu tare da ungozoma zuwa bakin zaure, wanzamin Dalijan yana wasa askarsa. Sai ga jakin nan ya ɓullo, bayansa ƙanena, bayansa Saje da masuncin da sauran, ƙafafu furu-furu da ƙurar hanya. Na ƙanƙame jariri. A Gwandu wanda ya faɗi da bakinsa cewa ya sha giya, bulalar alƙali ce ke jiran sa, ga zaure cike da malamai, ga Saje ba ya tauna magana.

Suka durƙusa suka yi gaisuwa. Saje ya ce, "Malam, mun zo da shaida." Ya cire hula. Sauran ma suka cire. Kawuna suka bayyana tal-tal, askin jiya, suna ƙyalli.

Liman ya ƙare musu kallo. Can ya tashi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, yana juya kowane kai a hannunsa kamar mai zaɓen ƙwarya a kasuwa. Tabo kam ga shi nan birjik, amma duk tsoho ne, ya warke ya yi fari. Sabo ko na ƙuraje babu. Da ya zo kan Saje ya ɗora yatsa a kan doguwar tsagar bayan kunne.

"Wagga hwa?"

"Ita ta ta ƙarshe, Malam. Tun kaka."

Na ga Saje ya ja numfashi zai ƙara bayani. Liman ya riga shi. Ya ce, "Ban tambaye ku inda kunka san shi ba, kuma kada wanda ya hwaɗa min. Ni dai kawuna na gani." Ya sa aka ba wanzamin Dalijan goronsa da cinyar rago, aka ba shi haƙuri. Sannan ya zauna a kan buzu, ya sassauta rawani, ya ɗaga gemun da ya sha wahala kafin ya dawo, ya dubi ƙanena.

"Hwara da ni."

Ƙanena ya gyara gefen dama, ya gyara hagu, bai koma dama ba. Liman ya shafa, ya sake shafawa, ya yi mini nuni da kai. Na miƙa jariri yana tsala ihu. Ƙanena ya tallabo ƙeyarsa, yaron ya yi tsit. Gashin ciki ya riƙa sauka cikin ƙoƙon ruwa baƙi siɗik, mai laushi, har aka gama ban numfasa da kyau ba. Da ya miƙo mini yaron, sai a lokacin na ga hannuwansa sun fara kaɗawa. Ya cusa su a hammata kamar mai jin sanyi. Ni kaɗai na gani, sai Saje.

Bayan an ci tuwo na ja shi gefe. Na ce yanzu kam ya dawo gida, ga mutane har sun fara tambayar yaushe zai zauna aski. Ya ce zai dawo, amma jibi kasuwar Kalgo ce, kuma haka zai riƙa yi, rabi nan rabi can. Na ce ba ka warke ba ne? Ya ce, "La'asar dai nika kaiwa, Adda, kamar kowa. Kuma akwai wani baƙo da ya zamna da mu kasuwad da ta wuce, maƙeri na. Hannunai ya hi nawa rawa, bai iya tufka ba. Na ce mai in ya dawo shi wasa min aska."

Na ce, "Askar baba? Hannun mai rawa? Ai sai shi cinye mata baki!"

Ya ce, "Awo. Ita ɗin."

Na buɗe baki, na dubi bayan kunnen Saje da ke ɗaure wa jaki kaya, na rufe. Na shiga ciki na ƙulla musu daddawa mai yawa, na sa ta maƙerin daban.